Ƙunshin da Ba Shi da Suna

Da safiyar Lahadi na sauko kicin ɗin masaukin, ko fuska ban wanke ba, na buɗe firij na tarar da shi wayam. An wanke shi tas, sai ƙamshin sabulu yake yi. Abin da ya saura a ciki 'yan robobi ne da kwalabe, kowanne da sunan mai shi an rubuta da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin rubutu. Shuɗiyar jakar sanyinmu ba ta nan. Na rufe ƙofar na sake buɗewa kamar wata sakarya, na leƙa ƙasa, na leƙa baya. Babu.

A cikin jakar nan akwai burek, gasasshen abincin fulawa na garinmu, da Mama Mrika ta yi mana, mai alayyafo da cuku, ta naɗe shi a jan ƙyallen teburinta. Amma ba burek ne damuwata ba. A ƙarƙashinsa akwai kwalin alluran insulin na 'yarta Lindita, wadda na baro a sama tana taje kai tana 'yar waƙarta. Allurar da take yawo da ita ta ƙare tun jiya bayan abincin dare, ita ta aiko ni in ɗauko mata sabuwa.

Mu uku muka yi tafiyar, ni Teuta, da Lindita, da Fatjona mai bakin tsiya. A layi ɗaya muke zama a kamfanin ɗinkin takalma a garinmu Shkodra, keken ɗinkin Lindita na manne da nawa ta dama. Tun sanyin bara muke ƙulla tafiyar. Ba don mun san kowa a Munich ta ƙasar Jamus muka zaɓe ta ba, bas ɗin can ne ya fi araha. Kwana da yini muka yi a zaune har ƙafafunmu suka kumbura, muka sauka a ɗaki mai gadaje hawa biyu tare da baƙin da ba mu sani ba, cikinsu har da wata mai minshari kamar injin niƙa. Duk wannan bai dame mu ba. Mun fito.

Fitowar Lindita ita ce aikin. Tun tana firamare take da ciwon suga, kuma tun daga lokacin mahaifinta, Baffa Ndue mai gyaran keke, bai taɓa barin ta ta kwana inda ba zai ji tarinta ba. Mace ta kusa shekara talatin, amma ko biki aka yi a ƙauye sai ya bi ta ya zauna a waje yana jira. Zaryar da na yi zuwa shagonsa a kan maganar nan, Allah kaɗai ya sani. Ranar da ya gaji da ni, ya goge baƙin mai a hannunsa, ya zaunar da ni a kan wata tsohuwar taya ya yi mini karatu. Ya ce zafi yana rage wa maganin ƙarfi, amma ƙanƙara kashe shi take yi; in ya daskare a zubar, ko da ya narke ya koma kamar lafiyayye. Ya ce in na ga tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, in ta fara amai, in numfashinta ya koma warin ruɓaɓɓen tuffa, kada in tsaya jin ta bakinta. Sannan ya sa na ɗora hannu a ƙirji na ba shi besa, wato rantsuwar alkawari, kuma a wurinmu wanda ya ba da besa ba shi da sauran magana.

"Ranar da bas zai dawo ina tasha, 'yata," ya ce. "In ta sauko da ƙafarta, gaba ta tafi duk inda take so. In ba haka ba, kada wanda ya ƙara zuwa mini da zancen tafiya har in mutu."

Lindita na bayan ƙofa tana ji. A cikin bas, tun ba mu tsallaka iyaka ba, ta kama hannuna ta ce ita ma sai na yi mata alkawari, kome ya faru ba zan kira babanta ba. Na ce to. Lokacin dariya muke yi, Fatjona ta riga ta kwance ƙyallen ta gutsuri burek.

Ranar Juma'a da muka iso, yarinyar da ke kan tebur a masaukin, mai zobe a hanci, ta raka mu kicin ta nuna mana maka a rataye da zare a jikin firij. Ta yi alamar rubutu a kan jakarmu. Muka kalli juna muka tuntsire da dariya. Fatjona ta ce ashe gidan marowata muka sauka. Na ce in na rubuta suna a kan abinci kakata sai ta taso daga kabari ta mare ni. A gidajenmu ko baƙon da ya ɓata hanya ne ya shigo, abin da ke kan tebur nasa ne. A firij ɗin kamfani shekara da shekaru ba wadda ta taɓa rubuta komai. Ni kaina burek ɗin Mama Mrika na fi 'yarta cinsa, ban kuma taɓa tambaya ba. Duk da haka na ɗauki makar na ce bari dai a sa a kan kwalin magani. Lindita ta fizge ta daga hannuna.

"Bari, Teuta. Tun ina yarinya sunana ke manne a kan kwali, a gida, a makaranta, a ko'ina. 'Yan kwanakin nan dai a bar ni in zama ba kowa ba."

Akwai wata takarda a manne a ƙofar firij ɗin da Jamusanci da Turanci. Mun gan ta. Amma wa ya zo Jamus karatu?

To, ga ni yanzu a gaban mai zoben hancin, ina magana da hannu da ƙafa. Ta danna wayarta ta juyo mini da ita, ta fassara: duk safiyar Lahadi ana wanke firij, abin da ba shi da suna a ɗora shi a kantar kyauta, duk mai so ya ɗauka. Na ruga na duba kantar. Rabin albasa, da kwalbar wani abu rawaya, da shinkafa tafin hannu a leda. Wata dattijuwa da ke soya ƙwai ta ga yadda nake ta dube-dube, ta kashe wuta ta zo. Ba mu da yare ɗaya, amma ta fahimtar da ni. Ta shafa haɓarta ta nuna tumatir: mai jan gemu. Ta dafa kanta ta nuna ganyen latas: koriyar hula. Ta murza hannu kamar mai tuƙa keke, sannan ta ja yatsa a kan taswirar bango, ta bi shuɗin layin kogi daga sama har ƙasa.

Da na hau sama na faɗa musu, Fatjona ta zauna daɓas a bakin gado ta fara tsine wa jajayen gemu na duniya baki ɗaya. Lindita kuwa ta miƙe. Ta ƙarasa ɗaure gashinta, ta sa takalmi, ta ce mu je kantin magani tukuna, ai garin ba daji ba ne.

Gara daji. Ban taɓa ganin gari ya mutu a tsaye irin wannan ba. Jiya titunan nan a cike suke, mun yini muna yawo, mun shiga cocin da ba a biyan kuɗi, mun tsaya a kasuwa muna kallon cukun da ba za mu iya saya ba, Lindita tana taɓa bangon gidaje tana cewa ashe haka duniya take. Yau ko'ina a garƙame. Babu shago, babu mai tebur, babu ko mai sayar da ruwa. Wayoyinmu kuwa da mun bar ƙofar masaukin sun zama madubi, domin ba mu sayi layin ƙasar ba. Sai taswirar takarda da aka ba mu kyauta, sunayen tituna a kanta kowanne tsawon hannuna. Kantin magani na farko a rufe, na biyu a rufe. A na uku wani mai yawo da kare ya karanta mana wani ɗan allo a jikin gilashi, ya ɗiga mana wuri a taswirar, can wata unguwa, ya nuna cewa wannan ne ke aiki yau.

Muka taka. Da muka isa, ƙofar ma ba a buɗe take ba, wata 'yar taga ce wadda kai ba zai shiga ba. Na danna ƙararrawa, wata mata mai tabarau ta leƙo. Lindita ta nuna mata allurar da ta ƙare. Matar ta gyaɗa kai, ta gane sarai, har ta yi fuskar tausayi, sannan ta tambayi takardar likita. Takardar tana cikin kwalin, kwalin yana cikin jakar, jakar tana bayan keken wani ƙato. Ta ce ba takarda ba magani, ta rubuta mana sunan asibiti. A nan raina ya ɓaci. Na ce mata da yarenmu, a garinmu mai kemis in ya ga yarinya a wannan hali ko tsakar dare ne zai buɗe ya ba ta, ba ya tambayar takardar uban kowa. Na ce ta dubi leɓen yarinyar nan. Na buga gilashin da tafin hannu har Fatjona ta riƙe ni. Matar ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ta ƙara nuna sunan asibitin da yatsa, ta turo mana kofin ruwa ta tagar, ta rufe.

Lindita ta shanye ruwan a tsaye. Na ce mata mu tafi asibitin kawai. Ta kalle ni kamar na zage ta.

"Kin san abin da za su yi. Gado za su ba ni, su ɗaura mini ruwa, su ce sai bayan kwanaki. Bas gobe da safe ne. In ya isa ba na ciki, ke kin ji abin da Baba ya ce."

"In kin mutu fa, me zai ce?"

"Ba yau na fara ciwon nan ba, malama. Na san jikina. Ina da sauran lokaci. Mu nemo mutumin."

Na san ƙarya ce rabin maganar, amma ni ma ina so ta zama gaskiya. Muka nufi kogi.

Ashe duk mutanen da suka ɓace daga tituna nan suka tare. Bakin kogin daga gada zuwa gada ba masaka tsinke, kowa ya baje a kan tsakuwa, wasu na gasa nama, wasu sun jera kwalabe a cikin ruwa, wasu kwance tsirara haihuwar uwarsu ko kunya babu. Fatjona ta rufe ido da hannu ɗaya tana leƙe ta tsakanin yatsu, ta ce in ta koma gida ba wanda zai yarda da ita. Kekuna kuwa tuli, kuma wallahi rabin mazan garin nan jan gemu gare su. Muka fara bi shimfiɗa shimfiɗa muna leƙa abincin mutane. Ni da aka yi wa tarbiyya kada in kalli kwanon wani, yau ni ce nake sunkuyawa a kan iyalin da ban sani ba ina duba abin da suke ci. Wasu suka janye jakunkunansu. Wata uwa ta miƙo mana guntun burodi, ta ɗauka bara muke. Na ji kunya har cikin ƙashina, amma ban daina ba.

Rana ta take. Lindita ba ta ci komai ba tun jiya don tsoron kada sugan ya ƙara hawa, amma duk famfon da muka wuce sai ta kafa baki, ta sha har cikinta ya yi ƙara, ba a jima ba ta nemi bayan gida. Tafiyarta ta sauya, tana jan ƙafa, tana dafa ni kamar da wasa. Ta ce kanta ne ke ɗan sarawa. Fatjona da bakinta ba ya hutawa ta yi tsit, wannan ya fi komai ba ni tsoro. Na roƙi Allah, na roƙi waliyyan Mama Mrika ma da ba nawa ba, na ce duk wanda ya fara ji ya taimaka. A ƙarƙashin wata gada Lindita ta durƙusa ta yi amai, ruwa zalla. Na riƙe mata gashi. Da ta ɗago tana haki na sunkuya kamar zan goge mata baki, na shaƙi numfashinta. Tuffar da Baffa Ndue ya faɗa tana nan, ba ta yi ƙarfi ba tukuna, amma tana nan.

"Kada ki shinshine ni kamar babana," ta ce.

Kafin in ba ta amsa Fatjona ta daki kafaɗata ta nuna gaba. Can bakin ruwa, a kan wani faffaɗan dutse, ga jan ƙyallen Mama Mrika a shimfiɗe, mutum huɗu sun kewaye shi. Ga koriyar hula. Fatjona ta cire takalmi ta zura da gudu a kan tsakuwa, tana zuwa ta fizge ƙyallen har ɓarɓashi ya tashi, ta wanke mutumin da zagi. Ya ɗaga hannu sama yana ba da haƙuri, sai muka ji da Italiyanci yake yi. Mu da muka girma a gaban talabijin ɗin Italiya, tun safe sai yanzu muka samu mai jin maganarmu. Na kusa rungume ɓarawon.

Ba ɓarawo ba ne ma. Sunansa Saverio, ɗalibi ne, shi ma a masaukin yake. Ya ce a kantar kyauta ya gani, kuma bai taɓa cin abu mai daɗin wannan ba, a gaida wadda ta gasa. Na ce ya bar zancen daɗi, ina kwalin? Fuskarsa ta washe. Ya ce kada mu damu, tun a kicin ya buɗe jakar ya ga magani, ya san na wani ne, ya nemi suna bai gani ba, sai ya mayar da shi cikin sanyi ya ɗauki abincin kawai. Yana can masauki, bai je ko'ina ba.

Yini guda muna gantali, ashe abin yana inda muka baro. Fatjona ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Lindita ta zame ta zauna a inuwar gadar, ta jingina da bango, ta yi mini murmushi da busasshen leɓe ta ce, "Kin gani ko? Na ce miki." Ba za ta iya komawa da ƙafa ba, kowa ya ga wannan. Saverio ya turo mini kekensa, ya rubuta lambar wayarsa a damtsena da biro, ya ce in bi kogi har gada ta uku in yi hagu, su za su zauna da ita.

A Shkodra kafin a yaye yarinya ta iya keke. Na tattare siket na hau, sirdin ya fi ƙarfina, a tsaye na tuƙa. Na bi ta tsakiyar mutane ina kaɗa ƙararrawa, na ƙetare jar wuta, wani tsoho ya ɗaga mini sanda, na ce ya kai ƙara. Na ɓata hanya, na fito wani fili mai gunkin doki da ban taɓa gani ba, na koma baya, na sake ɓata, duk gidajen iri ɗaya. Ina tuƙi ina kuka ina zagin garin da wanda ya gina shi. Da ƙyar na hango ƙofar masaukin. Na yar da keken a bakin titi na faɗa kicin.

Na buɗe firij. Robobin ɗazu, kwalaben ɗazu, da sunayensu. Ba kwali. Na fiffito da komai na zube a ƙasa. Sai na gane lokacin da Saverio ya ɗauki jakar ana cikin wanke firij ɗin ne, an fitar da komai, ƙofa a buɗe. Mai neman sanyi a wannan lokacin wuri ɗaya gare shi. Na ja ƙaramar ƙofar sama, ta firiza.

Yana nan, a kan ledar wake, farin raɓa ya lulluɓe shi. Na buɗe na zaro allura ɗaya, ta manne mini a yatsa. Na ɗaga ta a haske na girgiza. Ruwan ciki bai motsa ba, ya zama dutse. Na duba ta biyu, na duba ta uku, na duba duka. Na zauna a ƙasan kicin a tsakiyar robobin mutane, ban taɓa jin na tsani alheri irin na mutumin nan ba.

Mai zoben hanci ta ɗaga ni ta kai ni teburinta, ta kalli damtsena ta buga lambar. Saverio ya ɗauka, ya ba Fatjona. Ta ce Lindita ta ƙara yin amai sau biyu, tana riƙe ciki, numfashinta ya yi nauyi. Na faɗa mata abin da na tarar. Na ji ana kokawa da wayar, sai muryar Lindita, a hankali, kalma na jan kalma.

"Sa shi a hammatarki, Teuta. Kafin ki iso ya narke."

"Ya mutu, Lindita. Ke kika fi ni sani."

"Wataƙila da saura. Ko kaɗan ne zai kai ni bas. In na hau bas shi ke nan."

"Kwana da yini ne a hanya."

"Ki kawo dai. Kada ki kira kowa. Kin yi mini alkawari, 'yar'uwa. Sau ɗaya na taɓa roƙonki abu. In kika kira su, kin rufe ni a gidan nan har in tsufa, kin sani."

Na sani. Na san ba ƙari ta yi ba ko kaɗan, na san Baffa Ndue ba ya magana biyu. Ina riƙe da allurar a tafin hannuna, har ta fara jiƙewa, gefen ruwan ya fara motsi, yana kyau kamar ba abin da ya same shi. Ina son yarinyar nan fiye da 'yan'uwan da muka fito ciki ɗaya, kuma wallahi saura ƙiris in hau keken. Na ce mata, "To, ga ni nan." Na ce ta ba Saverio wayar. Da ya karɓa na ce masa ya kira motar asibiti yanzu, ya faɗa musu sunan gadar, in ta ce a'a kada ya saurare ta. Sannan na jefa kwalin a kwandon shara don kada zuciyata ta sauya, har da takardar likitan, ai abin ya riga ya wuce kantin magani.

Kafin in mayar da keken sun riga sun iso. Tun daga kan gada na hango masu jajayen riguna sun ɗora ta a gadon ɗauka, mutane sun buɗa musu hanya. Idonta biyu. Na bi gefen gadon ina kiran sunanta, ta dube ni, ta dubi hannuna ta ga ba komai, ta juyar da kai.

Likitar da ta karɓe ta ta sa an fassara mana cewa da an kai dare, da wani zancen ake yi. Na ji, na gode mata, amma bai sanyaya mini rai ba. Da yamma na ari waya na tsaya a barandar asibitin na kira Shkodra. Baffa Ndue ya ɗauka tun kafin ta gama ƙara, kamar yana zaune a kanta tun ranar da muka tafi. Ya ce tana raye? Na ce tana raye. Ina jin kukan Mama Mrika a bayansa, sai ya ce in faɗa masa wane bas ake hawa.

Fatjona ta bi bas ɗin Litinin saboda aiki, ni na zauna. Shi kuma ya iso da kwat ɗinsa ta zuwa coci, mutumin da bai taɓa tsallaka iyaka ba, ya shigo ɗakin da hula a hannu. Na shirya wa faɗa, na so ma ya yi. Bai yi ba. Ya sumbaci goshin 'yarsa, ya juyo ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce na cika besa, Allah ya yi mini albarka. Sannan ya buɗe jakarta da ke kan kujera, ya zaro fasfo ɗinta, ya sa a aljihun ƙirjinsa ya ɓalla maɓalli. Lindita tana kallo. Ta juya ta fuskanci bango. A bas ɗin komawa shi ya zauna kusa da ita, ni ina baya.

Da ta warware ta dawo aiki, ta zauna a kekenta na damana kamar kullum. Na yi mata sannu, ta amsa. Na ce zare ya ƙare mini, ta miƙo ba ta ɗago ba. Na ce a raina ai ta amsa, sauran zai zo a hankali. Yanzu Baffa Ndue ne ke kawo ta da safe, in an tashi yana bakin ƙofa riƙe da kekuna biyu.

Da aka buga ƙararrawar cin abinci na riga kowa zuwa firij, yunwa nake ji. Ga kwanonin mata a cunkushe kamar yadda suke tun fil azal, na wannan a kan na waccan. A tsakiya na hango jan ƙyallen Mama Mrika, an wanke shi an goge, ƙamshin alayyafo da cuku na fitowa. Raina ya yi fari. Na miƙa hannu kamar yadda na saba, har na kama bakin ƙullin, sai na ga an manna masa farar takarda. Da baƙar maka aka rubuta, da manyan haruffa, rubutun da na sani tun muna 'yan mata: LINDITA.

Na saki ƙullin na rufe firij. Tana tsaye a bayana tana jira in matsa.